Kurakuran da aka fi yi wajen saukar jirgi mai tayar wutsiya

A jirage masu manyan tayoyi biyu a gaba da ƙaramar taya a wutsiya, irin su Piper Cub, Cessna 185 da Air Tractor na feshin magani, cibiyar nauyi tana bayan manyan tayoyi ne. Da hanci ya ɗan kauce, nauyin baya sai ya nemi ya wuce gaba, jirgi ya yi juyin katantanwa a kan titi, wani lokaci har bakin fiffike ya daki ƙasa. Shi ya sa a Amurka sai malami ya koya wa matuƙi, ya sa masa hannu a littafinsa na tuƙi, kafin ya ja irin wannan jirgi, in ba ya riga ya ja shi kafin 15 ga Afrilu 1991 ba.

Babban kuskure shi ne taɓa ƙasa a karkace, ko jirgi na zamewa gefe. Jirgi mai taya a hanci yakan miƙe da kansa, mai tayar wutsiya kuwa ba ya yafiya. Daidaita hanci da tsakiyar titi da ƙafa, a kan fedar rada (rudder, abin da ke wutsiya mai juya hanci hagu ko dama); in iska na bugowa daga gefe, ka kwantar da fiffiken ɓangaren iska da sandar tuƙi, tayar wannan ɓangaren ta fara sauka. Gudu na raguwa kana ƙara tura sanda wajen iska, har ta ƙure.

Ƙafa ma tana da nata laifin. Sabon hannu yakan makara, sannan ya danne feda ya riƙe, hanci ya wuce ɗaya gefen fiye da na farko. Taɓa ka saki, da wuri, kaɗan-kaɗan. Idonka can ƙarshen titi, don wanda ke kallon kusa da taya ba ya ganin kaucewa sai ta yi nisa.

A saukar taya uku, wato manyan tayoyi da ta wutsiya su taɓa tare, da an taɓa ƙasa sanda ta dawo har ciki, ta zauna nan. Ka sassauta, tayar wutsiya ta yi sakayau, tuƙi ya kuɓuce.

Saukar manyan tayoyi biyu, wutsiya na sama, ita ce ke kunyata mutane. Tayoyi na dukan ƙasa da ƙarfi, wutsiya ta yi ƙasa, fukafukai su ƙara cin iska, jirgi ya sake tashi. Maganinsa ka rage saurin gangarowa da ɗan totur, kuma tayoyi na taɓawa ka tura sanda gaba kaɗan, gwargwadon yatsa ɗaya ko biyu. In ya riga ya yi tsalle, kada ka dungura hanci ƙasa don ka kamo titi: tsalle na biyu ya fi na farko, farfela ce ke biyan bashin. Cika totur ka tashi, ka sake zagayowa.

Birki kuwa, a bar shi sai wutsiya ta zauna, gudu ya ragu. Taka shi da ƙarfi wutsiya na sama, musamman a yashi ko laka, yana kifa jirgi a kan hanci.