Yadda Ɗan Kasuwa Zai Gane Aikin George Lilanga da Sassaƙar Makonde

Masu sayar da kayan gargajiya a Kasuwar Kurmi sun daɗe da sanin cewa mai saye ba kaya kaɗai yake biya ba, har da labarin wanda ya yi su. Saboda haka, duk ɗan Kano da ya je Darussalam sari, aka miƙo masa sassaƙa ko zane aka ce aikin George Lilanga ne, ya kamata ya fara sanin mutumin kafin ya taya.

An haifi Lilanga a 1934 a ƙauyen Kikwetu da ke yankin Lindi, kudancin Tanzaniya, cikin ƙabilar Makonde, waɗanda suke zaune a tsallaken kogin Ruvuma ta ɓangarorin biyu, wato Tanzaniya da Mozambik. Ya koyi sassaƙa a gida, sannan ya koma Darussalam a farkon shekarun 1970, inda ya samu aikin gadi a cibiyar masu fasaha ta Nyumba ya Sanaa. A nan maigadin ya fara zane a kan fatar akuya, da ƙwarya, da yadi. A 1978 aka baje ayyukansa a Washington. Ya rasu a 2005, bayan ciwon sukari ya sa an yanke masa ƙafafu biyu. Amfanin waɗannan shekaru a wurin ɗan kasuwa shi ne, idan aka kawo maka zanen fenti aka ce ya yi shi tun yana saurayi a ƙauye, ka san magana ba ta tsaya ba.

Daga nan sai ka dubi siffofin. Abin da ya fi zanawa shi ne halittun da ake kira shetani da Suwahili. Kada sunan ya ruɗe ka, domin a al'adar Makonde ma'anarsa ta fi kusa da abin da Bahaushe yake kira iskoki. Za ka gan su da manyan kunnuwa, da leɓe zaro-zaro, da gaɓoɓi masu lanƙwasa kamar ba ƙashi, yatsunsu ba su cika biyar ba, sun cika allon maƙil, wannan ya rataya a kafaɗar wancan, suna shan magani ko jayayya irin ta mutanen gari. Ya ɗauki dabarar masu zanen Tingatinga, wani salon zane na Tanzaniya, ta amfani da fenti mai ƙyalli a kan katakon silin mai kusurwa huɗu. A ganina, layin da ya kewaye kowace siffa shi ne babban abin lura: na gwani yana tafiya sumul, na mai kwaikwayo kuwa yana rawa yana tsayawa.

Sa hannu kaɗai bai isa shaida ba. Lokacin da jikinsa ya yi rauni almajirai sun taya shi aiki, bayan rasuwarsa kuma jabu sun yi yawa. Ka tambayi daga hannun wa kayan suka fito, ka nemi takarda.

Idan sassaƙar Makonde ce marar fenti, itacen ne zai faɗa maka gaskiya. Masassaƙan Makonde suna amfani da itacen da ake kira mpingo, wanda tsakiyarsa baƙa ce, gefensa kuma fari-fari mai ɗan ruwan ɗorawa. Ka ɗaga ka ji nauyi, don itace ne mai nutsewa a ruwa. Ka juya gindin ka duba inda ba a goge ba, sannan ka murza da farin ƙyalle mai ɗan laima. Idan ƙyallen ya yi baƙi, man takalmi aka shafa wa itace mai arha. Tun 2017 wannan itace ya shiga ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, don haka ka bincika ƙa'idar fitar da shi kafin ka yi babban sari.

Bayan an iso Kano, hunturu ne abin tsoro. Itacen da ya saba da laimar bakin teku yana iya tsagewa a bushewar Janairu, saboda haka a ajiye shi a inuwa, nesa da taga, a riƙa share ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi. Mai fenti kuwa kada a shafa masa mai ko kaɗan.