Yadda zaka ɗauki baƙin mutum hoto ya fito da kalarsa ta gaskiya

Abin na damuna wallahi, ace mutum baƙi wuluk mai kyau ya shiga situdiyo ya fito a hoto fari fat kamar an shafa masa hoda, har danginsa basa gane shi. Kuma matsalar ta daɗe, a shekarun 1950 kamfanin Kodak da hoton baturiya yake saita kalar fim ɗinsa, shiyasa a tsoffin hotuna baƙar fuska sai ido da haƙora kawai.

Farko dai kafin ka taɓa kyamara ka zauna da mutumin kuyi hira, ka tambaye shi yaya yake so a ganshi, wane kaya, wace hula, ko in mace ce kitson take so ya fito ko ɗaurin ɗankwalin. Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto ɗan Mali da ya buɗe situdiyo a Bamako a 1948, yana ajiye rediyo da agogo da babur Vespa, kowa ya zaɓi abinda yake so a ɗauke shi dashi, shi yasa mutanen hotunansa suke kallonka da isa.

Sai haske, kuma nan ne aikin yake. Kar ka tsayar dashi a tsakar rana, goshi da hanci zasuyi ƙyalli idanu su faɗa rami. Ka kaishi inuwa ko bakin taga, da hantsi ko bayan la'asar, hasken ya zo ta gefe, sannan wani ya riƙe farin kwali ko farin zani a ɗaya gefen ya mayar da hasken kan kumatu. Ɗan man kaɗe a fuska yana taimakawa fata ta kama haske amma kaɗan fa, kar ya zama maiƙo.

Yanzu ka danna kan fuskar a sikirin ɗin wayar domin ta auna haske daga nan, sbd kyamara ita kullum tsaka-tsaki take nema, in ta ga baƙar fata sai ta ƙara haske har kalar ta koma toka-toka, in kuwa mutum yasa farar shadda sai ta bi rigar ta rage haske fuskar ta nutse. Ka ja ɗan alamar ranar nan da ke fitowa a sikirin in ka danna fuskar sama ko ƙasa da yatsa kana kallon mutumin kana kallon wayar har kalar tazo ɗaya. Filashin waya kuwa a kashe shi.

Bango, wato abinda zai fito a bayan mutumin, atamfa ko tabarma ko jar katanga duk sunyi.

Wajen gyara dan Allah a kashe filtar nan mai goge fuska. Zanele Muholi mai ɗaukar hoto ƴar Afirka ta Kudu da gangan ma take ƙara wa fatarta baƙi a hotunan kanta da ta fara a 2012, kuma manyan gidajen baje koli na duniya sun rataye su. In akwai zane ko tsagar gado a fuska ka barta, sai in mai ita ne yace a cire.

In baka da wanda zaka gwada dashi ka fara da kanka, mai ɗaukar hoto Samuel Fosso yana ɗan shekara 13 a Bangui ta Afirka ta Tsakiya da ragowar fim yake ɗaukar kansa in an tashi aiki yana aikawa kakarsa a Najeriya. Jingina wayar da wani abu, saita taima daƙiƙa 10, ka koma ka tsaya.