Darasi na Tara: Tattalin Guzuri a Baƙon Birni

Mutum zai shekara yana tara kuɗin tafiya. Ya biya biza, ya yanki tikitin jirgi, ya ware na masauki, amma yana sauka sai guzurin kwana goma ya ƙare a kwana huɗu. In ka tambaye shi me ya saya, ba shi da abin nunawa. Kuɗin sun zurare ne kaɗan-kaɗan, kuma mafi yawansu a ranar farko, tsakanin ƙofar jirgi da ƙofar masauki. A lokacin nan ga gajiya, ga kaya, ba ka san hanya ba, ba ka kuma san darajar kuɗin ƙasar ba. Baƙo makaho ne ko da idonsa, masu sana'a a filin jirgi kuwa sun san da haka. Shi ya sa wannan darasi zai fi daɗewa a kan ranar farkon.

Canji

Kada ka canza kuɗinka duka a filin jirgi. Masu canjin can suna biyan haya mai tsada, kuma sun san ba ka da wani zaɓi, saboda haka farashinsu ya fi na cikin gari muni. Canza ɗan abin da zai kai ka masauki, sauran ka bari sai ka huta.

A shagon canji za ka ga allo mai layi biyu na lambobi. Layi ɗaya farashin da suke sayen kuɗinka ne, ɗayan farashin da suke sayar maka. Tazarar da ke tsakani ita ce ribarsu, in ta yi faɗi ka wuce gaba. Wasu kan rubuta cewa ba sa cire kamasho. Kada wannan ya ruɗe ka, sun riga sun saka shi cikin farashi. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: “In na ba ka dala 100, nawa za ka damƙa mini a hannu?” Ya rubuta maka a takarda, ka je shago na biyu ka yi tambaya iri ɗaya. Ka ƙirga kuɗinka a gaban mai canjin kafin ka juya baya.

Yanzu ga wurin da na fi so ka natsu. Ka miƙa katin banki a kanti, ko ka saka shi a na'urar cire kuɗi, sai allo ya tambaye ka: da kuɗin ƙasarka za a cire, ko da na ƙasar da kake? Ganin kuɗin da ka saba da su zai sa hannunka ya nufi can, domin ka fahimci lambar. Janye hannun. In ka zaɓi kuɗin ƙasarka, kamfanin na'urar ne zai yanka farashin canjin, kuma zai ɗora ribarsa a kai. In ka zaɓi kuɗin ƙasar da kake, bankinka ne zai yi canjin, kuma galibi ya fi sauƙi. A Landan zaɓi fam, a Faris zaɓi yuro, a Dubai zaɓi dirhami. In mai kanti ya riga ya danna maka, kana da damar cewa ya soke ya sake.

Na'urar da ke jikin banki ta fi wadda aka ajiye ita kaɗai a wurin 'yan yawon buɗe ido. Yawancin bankuna kan caje ka duk lokacin da ka cire kuɗi a waje, don haka cirewa sau biyu ya fi cirewa sau bakwai. Tun kana gida ka tambayi bankinka ko katin zai yi aiki a waje, da iyakar abin da za ka iya kashewa. Mai ɗauke da tsabar kuɗi kuma ya sani: wanda zai shiga Tarayyar Turai da yuro 10,000 ko fiye, ko Amurka da abin da ya haura dala 10,000, dole ya bayyana wa kwastan. Bayyanawar ba haraji ba ce, amma ɓoyewa na iya sa a ƙwace kuɗin.

Daga filin jirgi zuwa gari

Duk wanda ya tare ka a cikin zauren fita yana cewa ga tasi, ka gode masa ka wuce. Tasi mai rajista yana da layinsa a waje, da mita. Amma kafin tasi, nemi jirgin ƙasa ko bas. Daga filin jirgin Heathrow na Landan akwai jirgin ƙasa mai sauri da ke kai mutum tashar Paddington cikin minti 15, akwai kuma layin Piccadilly na ƙarƙashin ƙasa da ke ɗaukar kusan awa ɗaya a kuɗi ƙalilan idan aka kwatanta. In ba wanda ke jiranka, me za ka yi da saurin? A Dubai jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2009 yana tsayawa a filin jirgin kansa.

Manyan birane suna da katin sufuri da ake zuba wa kuɗi: Oyster a Landan, Nol a Dubai, Istanbulkart a Istanbul. Wannan na ƙarshe yana aiki a bas, da jirgin ƙasa, har da jirgin ruwan da ke tsallaka mashigin Bosforus daga Turai zuwa Asiya. A Landan bas ya daina karɓar tsaba tun 2014, kuma akwai iyakar abin da za a cire maka a rana ɗaya, in ka kai ta sauran hawan kyauta ne. Sharaɗin shi ne ka riƙa amfani da kati ɗaya duk ranar.

Waya kuma tana da nata tarkon. Kashe data kafin jirgi ya sauka, domin layin gida a ƙasar waje yana shan kuɗi ko wayar tana aljihu. Tun kana gida ka sauke taswirar birnin a Google Maps, za ta nuna maka inda kake ba tare da intanet ba. Rubuta adireshin masaukinka a takarda, caji kan ƙare a lokacin da aka fi buƙatarsa.

Kwana da ci

Ɗaki mai araha a bayan gari yana iya fin na tsakiya tsada in ka haɗa da kuɗin mota na safe da yamma. Nemi wanda ke kusa da tasha. Ka kuma tambaya ko farashin ya haɗa da karin kumallo da haraji, domin birane irin su Faris, Rum da Amstadam suna karɓar harajin baƙi a kan kowane dare. Wajen abinci, ka yi nisan layi biyu ko uku daga wuraren da baƙi ke taruwa, ka duba inda ma'aikatan garin ke cin na rana. Riƙe gorar ruwa. A Rum akwai famfunan ruwan sha a tituna, kyauta, amma a kowane gari ka fara tambaya ko ana shan ruwan famfo.

Kallo ma ba duka ake biya ba. Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan kyauta ake shiga, haka gidajen tarihin Smithsonian a Washinton.

Abu ɗaya ne ba na so ka yi wa ƙwauro: inshorar lafiya. Kwana ɗaya a asibitin wata ƙasa na iya cinye duk abin da ka tattala har ya bar ka da bashi. Masu neman bizar Shengen ma, wadda ake shiga ƙasashen Turai da dama da ita, ba a ba su sai da inshorar da za ta biya aƙalla yuro 30,000.

Aikin aji

Mai canji na farko ya ce zai ba ka 90 na kuɗin ƙasar a kan kowace dala 100, ba kamasho. Na biyu zai ba ka 94, amma zai cire 3 sau ɗaya a matsayin kamasho. Kana da dala 300. Lissafa a littafinka abin da kowannensu zai damƙa maka. Sannan ka rubuta adireshin wani wuri da ka sani da manyan baƙaƙe, yadda direban da bai ji harshenka ba zai iya karantawa, ka miƙa wa na kusa da kai ya karanta da ƙarfi.