Kurakuran da aka fi yi wajen tsara hanyar ƙafa da ta keke a bakin ruwa

Idan hukuma ta tashi gyara tsohuwar tashar jiragen ruwa ko gaɓar kogi a cikin birni, kuskuren da ya fi yawa shi ne a ƙawata bakin ruwan, a bar babban titin da ya raba shi da unguwanni yadda yake. An shimfiɗa hanya mai kyau, an dasa itatuwa, amma mai son zuwa sai ya tsallaka layi shida na motoci masu gudu. Tsoho ba zai yi kasadar ba, balle mace mai goyo da wani yaron a hannu.

Birnin San Francisco na Amurka ya rushe titin sama na Embarcadero a 1991, bayan girgizar ƙasa ta 1989 ta illata shi, sannan gaɓar ta haɗu da gari. Paris ma ta hana motoci bin wani sashe na gefen kogin Seine a 2016. Ba kowane gari ke da wannan halin ba, amma ana iya rage layukan mota, a sauke gudu zuwa kilomita 30 a awa, a kuma sa wurin tsallakawa a bakin kowane layi da ya fito daga unguwa. Gadar sama ta masu ƙafa, a ganina, ɓarnar kuɗi ce: mutane na gudun matakala, mai keken guragu kuwa ba ta da amfani gare shi.

Sai cakuɗa mai keke da mai ƙafa a hanya ɗaya. Wannan yana sauri zuwa aiki, wancan ya tsaya kallon ruwa, yaronsa ya fizge hannu ya ruga. A raba su, kowa da tasa. A Kopenhagen, babban birnin Denmark, gadar keke ta Cykelslangen da aka buɗe a 2014 ta ɗauke masu keke daga cunkoson masu ƙafa a gaɓa. Tsakanin keke da mota kuma a gina dakali. Fenti ba ya tare mota.

Akan kuma bari otal ko wani gini ya datse hanyar a tsakiya. Maganin wannan tun lokacin ba da fili ne: a rubuta cewa gaɓar ta jama'a ce daga farko har ƙarshe.

Kada a manta ruwa na cika. A unguwar HafenCity ta Hamburg a Jamus, an ɗaga tituna da gine-gine sama, aka bar hanyar gaɓa a ƙasa, ta yadda ko ambaliya ta shanye ta, akwai wata hanyar bi. Daɓen ma a duba shi: dutse mai gargada yana wahalar da keke da mai sanda, mai santsi kuma yana kayar da mutum da zarar ya jiƙe.