Fitilar zango a motar jeji: kurakuran da ke kashe batir da ƙona waya

Masu haƙar rijiyar burtsatse, masu kai taki da injin ban ruwa gonakin rani a bakin madatsar Sabke, 'yan kasuwar dabbobi da ke kwana a hanyar Mai'adua, duk dare kan riske su da mota a inda babu wutar gwamnati. Fitilar gaban mota kuwa ba ta hira ba ce. Tana kashe ido, gefe ɗaya take haskawa, kuma ƙwai biyu masu wat 55 kowanne ba sa daɗewa suke zuƙe batir. Shi ya sa masu Hilux da Land Cruiser da yawa a Daura da Katsina suka koma haɗa tasu fitilar da hannunsu: zaren LED, waya, makunni da batir. Aikin ba shi da wuya, kuma ina ƙarfafa wa kowa gwiwa ya yi. Sai dai yawancin haɗin da ke ba da matsala, fitilar lafiyarta ƙalau. Abin da ke bayanta ne aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne jona fitilar kai tsaye a batirin da ke tayar da mota. An ƙera wannan batir ne don ya ba da wuta mai ƙarfi ta daƙiƙa biyu ko uku, sannan altaneta ta mayar masa da abin da ya rasa nan take. Ba a yi shi don a yi ta tsotsarsa a hankali tun magariba har asuba ba, kuma duk sanda aka zuƙe shi sosai sai ƙarfinsa ya ragu ragin da ba ya dawowa. Idan ka ɗora mita a kansa bayan ya huta, bolt 12.6 na nufin a cike yake, 12.2 na nufin ya kai rabi, ƙasa da 12 kuwa ka shiga hatsari. Injin dizal yana neman ɗaruruwan amfiya kafin ya juya, ballantana da sanyin asubar hunturu. A kan kwalta sai a tura. A cikin rairayin ƙauyukan Zango ko Baure wa zai tura maka Land Cruiser? Idan motar otomatik ce ma, turin ba ya tayar da ita ko kusa.

Gyaran shi ne fitila ta samu nata batir daban. Mafi sauƙi ka caja shi a gida ka ɗauko shi cikin akwati. Idan kana son mota ta riƙa caja shi a tafiya, ka sa mai wayarin ya sanya maka rile mai raba batura, wanda ke haɗa su idan injin na aiki, ya raba su da zarar an kashe. Wanda ba shi da halin batir na biyu, aƙalla ya sa ƙaramar na'urar da ke yanke wuta da kanta idan batir ya sauka, ya saita ta a kan bolt 12.2. Akwai kuma masu soka fitila a ramin kunna taba. A yawancin motocin Toyota ramin nan ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli, to sai mutum ya bar makulli a murɗe duk dare, rediyo da sauran kayan mota su ma suna shan nasu rabon. Ka daina.

Daga nan sai rashin lissafi. Mutum ya je kasuwa ya ce a ba shi wadda ta fi haske, a miƙo masa naɗin mita biyar na nau'in da ake rubuta wa 5050. Wannan nau'in yana cin wat 14.4 a kowace mita, naɗin duka wat 72 ke nan. Raba da bolt 12 na batir, ka samu amfiya 6, wato yawan wutar da zai riƙa ja. Sai ya haɗa shi da ɗan batirin dalmar nan na 7Ah (Ah ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa ne), irin na cikin na'urar ajiye wutar kwamfuta. Batirin dalma rabin abin da ke cikinsa kawai ya kamata a sha idan ana son ya yi ƙarko, wato 3.5Ah, kuma amfiya 6 za ta cinye wannan kafin minti arba'in. Da ya sayi ƙaramin nau'in mai cin wat 4.8 a mita, ya yanki mita biyu, abin da zai ja bai kai amfiya ɗaya ba, kuma batirin nan ɗaya zai kai shi sama da awa huɗu. A ganina wat 10 zuwa 15 ya ishi zangon mota ɗaya a dafa shayi, a yi salla, a ƙirga kuɗi, a duba taya. Ka ninka amfiyar da fitila ke ja da awoyin da kake so, ka sake ninkawa biyu, shi ne girman batirin da za ka nema. Amfiya ɗaya na awa shida na buƙatar 12Ah, idan ka samu 18Ah ya fi kwanciyar hankali. Ɗan makunni mai rage haske ba shi da tsada, kuma yana ƙara awoyi sosai.

Maganar fis ita ce wadda ta fi damuna, domin sauran kurakurai asarar kuɗi ce, wannan kuwa mota ake rasawa. Mutane da yawa sun ɗauka fis fitila yake karewa, don haka ko dai su ce fitilar ƙarama ce ba ta buƙata, ko su sa shi can kusa da fitilar. Waya yake karewa. Batirin mota, da ma ƙaramin nan na 7Ah, idan jar wayarsa ta goge ta taɓa bodi, zai tura wutar da za ta mayar da wayar ja wur cikin ƙiftawar ido, robarta ta kama da wuta. Ka tuna abin da ke bayan motar: jarkar fetur ta injin ban ruwa, buhunan dusa, tabarma, ga busasshiyar ciyawa a ƙarƙashi tun daga kaka har bazara. Fis ya zauna a kan jar waya, daf da kan batir mai alamar +, tazarar kada ta wuce taƙi ɗaya na hannu. Duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai kare ta, shi ya sa ake gajarta ta. Girmansa ya ɗan ɗara abin da fitilar ke ja, amma kada ya kai abin da wayar za ta iya ɗauka: fitila mai jan amfiya 2, fis na 3 ko 5 ya isa. Idan ya ƙone, aikinsa ya yi, ka nemo inda wayar ta goge kafin ka sa sabo. Masu ɗaura silin waya ko takardar kwalin taba a gurbinsa, Allah ya kiyaye, gara su kashe fitilar su kwana a duhu.

Ita kanta wayar, siririya ake yawan sa wa saboda araha. A wutar gida mai bolt 230, asarar bolt uku ba a jin ta. A bolt 12 kuwa kashi ɗaya cikin huɗu ne ya tafi. Ɗauki misalin fitilar da ka rataya a bishiya mita goma daga mota, wato waya mita ashirin zuwa da dawowa. Idan tana jan amfiya 5 a waya mai lambar kauri 0.5, bolt 3.5 za su salwanta a hanya, fitilar ta yi dishi-dishi, wayar ta ɗau zafi. A wayar 2.5 asarar ba ta kai bolt ɗaya ba. Ga ƙananan fitilu a jikin mota, 1.5 ta wadatar. Ka kuma kula da jabu: akwai wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kankare silinta da reza a gaban mai shago, idan ciki ya fito fari, ajiye masa abarsa. Ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske, kuma karyewa take yi.

Murɗa waya biyu a naɗe da salatif yana iya kwana a ɗaki shekara guda. A motar da ke girgiza a hanyar burji ba ya kai wata. Zafi ya narkar da ɗankon, ƙura ta shiga, haɗin ya saki. A yi masa dalma ko a matse da kan waya na ƙarfe, a rufe da robar nan mai tsukewa idan ta ji wuta. Duk inda waya za ta ratsa ramin ƙarfe a zura ta cikin guntun tiyo, a ɗaure ta kowane taƙi biyu, a nisanta ta da salansa.

Samari masu hikima yanzu suna fasa tsofaffin baturan kwamfuta su ciro ƙwayoyin litiyam da ake kira 18650 su haɗa. Hikimar tana burge ni, amma litiyam ba ya yafe kuskure. Kowace ƙwaya iyakarta bolt 4.2, uku a jere 12.6 ke nan, ita kuma altaneta tana ba da kusan 14.4. Wanda ya jona irin wannan haɗi kai tsaye a mota ya wuce iyaka, kuma wutar litiyam idan ta tashi tana da wuyar kashewa. Dole a sa masa allon kariya da ake kira BMS, a caja shi da cajar da ta dace, kada a gauraya ƙwaya mai rai da wadda ta gaji, kuma duk wadda ta lotse ko robarta ta yage a fitar da ita. Ga zafinmu: a Afrilu da Mayu Katsina kan haura digiri 40, cikin rufaffiyar mota a rana kuwa ya zarce 60, alhali ba a so a caja litiyam sama da 45. Kada a bar shi a gaban gilashi. Mai hali ya sayi nau'in LiFePO4, wanda ya fi jure zafi kuma ƙwaya huɗunsa sun fi dacewa da wutar mota. Batirin ruwa shi ma kada a caja shi a rufaffen wurin da ake kwana, domin yana fitar da iska mai kamawa da wuta.

Faifan sola da aka rubuta wa 12V yana iya fitar da sama da bolt 20, don haka ba a jona shi a batir sai da kwantirola a tsakani. Manyan motoci da wasu Land Cruiser na dizal wutarsu 24 ce, a auna kafin a jona, in ba haka ba fitilar ta ƙone nan take.

Launin haske ma yana da tasiri. Farin nan fat mai shuɗi-shuɗi, wanda ake rubuta wa 6500K, shi ya fi tara ƙwari, da damina sai ka ga sun cika kwanon tuwo. Mai ruwan ɗorawa, 2700K zuwa 3000K, bai kai shi jan su ba, kuma ya fi daɗin ido. A ɗaga fitilar sama da kai ta haska ƙasa, inda kunama ke bi, maimakon ta haska fuskokin mutane. Ƙaramar farar jarka da aka zura zaren a ciki tana baza haske daidai. A halin tsaron da ake ciki kuma, ba hikima ba ce a riƙa hango zangonka daga nesa, ka yi mata inuwa ta sama da gefe.

Ɗankon da ke bayan zaren LED ba ya jure ƙurar hunturu da zafin bodi, sai ka tarar ya zazzago. A manna shi a kan tsinken alminiyam, wanda ke riƙe shi kuma yana shanye masa zafi, a ƙara ɗaurewa. Na waje a nemi mai alamar IP65 ko IP67 saboda ruwan sama.

Kafin ka fita da shi jeji, kunna haɗin a tsakar gida daga magariba zuwa lokacin da ka saba kwanciya. Bayan rabin awa ka bi wayar da hannu, duk inda ka ji ɗumi akwai gyara a wurin. Da safe ka auna batirin. Idan na dalma ne kuma ya sauka ƙasa da 12.2, ka rage tsawon fitilar ko ka ƙara girman batir, sannan ka jefa fis biyu na ajiya a aljihun mota.