Yadda Za Ka Kai Iyalinka Hawan Bagi a Hamadar Dubai Ku Dawo Lafiya

Da hutun Disamba ya ƙarato, 'yan kasuwarmu na Agege, Mile 12 da Alaba Rago masu zuwa sari Dubai kan tafi da iyali, kuma da wuya yara su ƙyale uba bai kai su hamada ba, saboda bidiyon da suke gani a TikTok. Bagi ita ce ƙaramar motar nan mai faffaɗan tayoyi, ba gilashi, sai kejin ƙarfe ta sama. Waɗanda aka fi bayarwa haya su ne Polaris RZR da Can-Am Maverick, masu inji mai girman cc 900 zuwa 1000, wasu da turbo mai ƙara wa inji ƙarfi. Ba ta da nauyi amma ƙarfinta ya fi jikinta, shi ya sa take kifewa a hannun wanda bai san yashi ba. Biza da tikiti ba su ne zancenmu ba, wannan kowa da hanyarsa.

Fara da tantance wanda zai hau

Wannan a falonka na Legas za a yanke shi, tun kafin ka tura wa kowa sisin kwabo. In ka bari sai kun isa hamada, yaro na kuka, an riga an karɓi kuɗi, mai haya na cewa ba komai, to za ka sassauta.

Kamfanonin da ke ƙera motocin sun faɗi ƙa'idarsu. Direba ya kai shekara 16 kuma yana da lasin tuƙi. Fasinja ya kai shekara 12, kuma in ya zauna bayansa ya jingina da kujera, tafin ƙafafunsa biyu su taka ƙasa, hannunsa ya kai ga mariƙin ƙarfen da ke gabansa. Masu haya da yawa suna sauko da shekarun don kasuwa, wasu ma har ɗan shekara biyar za su ce a kawo. Kai ka tsaya kan ƙa'idar mai ƙera mota. Dalilin a fili yake: bel ɗin an yi shi ne don jikin babba, ƙaramin yaro sulluɓewa yake ta ƙasansa idan mota ta daki tudu, hular kwanon kuma ta fi ƙarfin wuyansa. Ɗora yaro a cinya kuwa, ko da wasa kada a yi. Babu hannun uban da zai iya riƙe yaro a lokacin da mota ta yi tsalle ta dira.

Mai juna biyu ba ta hawa, ko cikin wata nawa ne. Haka mai ciwon baya ko wuya, mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, da wanda bai daɗe da yin tiyata ba. Su ma motocin Land Cruiser da ke kai mutane sansanin shaƙatawa na cikin hamada suna yin wasan hawa da gangara a kan tuddai, kuma jijjigar ba ta da daɗi ga Hajiya babba ko jariri. In akwai irinsu a tawaga, ka ɗauki mota taku ku kaɗai, ka ce wa direba ya bi hanya miƙe zuwa sansani. Kuɗin ya fi na motar haɗaka, amma a haɗaka ba ka da bakin cewa a rage gudu. Ka kuma nemi kujerar yara tun da wuri, don dokar Daular Larabawa ta wajabta ta ga yaro ɗan shekara 4 zuwa ƙasa, kuma wanda bai kai 10 ba ba ya zama a gaba.

Babur mai ƙafa huɗu, irin wanda ake hawa a bakin teku a Lekki, shi ma za a tallata muku. Ba shi da keji, ba shi da bel, in ya kife a kan mahayi yake faɗawa. Iyali su bar shi. Wanda ya saba da shi a shimfiɗaɗɗen yashin bakin ruwa bai koyi komai ba game da tudu.

Lokaci da wuri

Nuwamba zuwa Maris ne lokacin. Daga Yuni zuwa Satumba zafi na wuce digiri 40, kai yara hamada a wannan lokacin ganganci ne. Ka zaɓi fitar safe: yashi ya kwana ya yi sanyi, ya fi tauri, mota ba ta yawan kafewa, ga inuwa da ke nuna maka siffar kowane tudu. Da rana tsaka inuwa ɓacewa take, yashi ya zama launi ɗaya, rami da tudu duk ka gan su daidai. Fitar yamma ta fi cunkoso, tana cin la'asar da magariba a hanya, sannan yawancin sansanonin dare akwai rawar mata da shisha, wasu har da giya. Mai iyali ya yi safiya ya dawo otel kafin azahar.

Kada ka sa ranar da kuka sauka. Jirgi kai tsaye daga filin Murtala Muhammed yana cin kusan awa takwas, kuma Dubai ta riga Legas da awa uku. Ƙarfe shida na safensu ƙarfe uku ne na dare a jikinka.

Yawancin masu haya Lahbab suke kai mutane, wurin jan yashi a kan hanyar Hatta, tafiyar ƙasa da awa ɗaya ko kusan haka daga cikin gari. Gaba kaɗan akwai Al Badayer a ƙasar Sharja, inda wani babban tudun yashi yake. Sabon shiga bai da abin yi a babban tudu.

Biyan kuɗi

A nan ake cin mutanen Legas. Wani zai tallata yawon hamada da araha a Instagram ko WhatsApp, ka biya, sai kun isa zango a ce ai bagi kuɗinta daban, kuma ta ninka kuɗin yawon sau da yawa. Kafin ka ba da kafin alƙalami, a rubuto maka waɗannan a saƙo: farashin na mota ne ko na kowane kai, kujeru nawa ne, biyu ko huɗu, minti nawa ne tuƙin kansa, ban da tafiya da hoto, cikin hamada za a shiga bayan jagora ko zagaye ne a fili mai shinge, motoci nawa ke bin jagora ɗaya, akwai hular kwano ta yara, in an fasa saboda guguwar yashi, ana mayar da kuɗi. Ka nemi hoton lasin kamfanin, kuma sunan da ke kan lasin ya zo daidai da sunan asusun da za a tura kuɗi. Dillalin da ya ce ka tura asusun ƙaninsa, ka bar shi. In ta hannun ɗan canji za ka biya, lissafin mai sauƙi ne, dala ɗaya dirhami 3.67 ce, ba ta motsi. Kada ka biya duka daga Legas, ragowar sai ka ga mota da idonka.

Minti 30 ya ishi sabon shiga, awa ɗaya ita ce iyaka. Awa biyu asarar kuɗi ce, hannu ya gaji, hankali ya rabu, kuma a lokacin ne ake yin kuskure.

Za a ba ka takarda ka sa hannu. Karanta ta. Galibi tana cewa raunin da ka ji naka ne, ɓarnar da motar ta yi kai za ka biya. Tambayi iyakar abin da za a iya cajin ka. Inshorar tafiya da ake haɗawa da biza sau da yawa ba ta ɗaukar irin wannan wasa, saboda haka ka tambayi kamfanin inshorar a rubuce, in ta kama ka ƙara kuɗi a saka shi. Fasfo ba a barin sa jingina a hannun kowa. Kafin a tayar da inji, zagaya motar da wayarka ka ɗauki bidiyon kowane lanƙwasa da tsagewa, har da tayoyi, a gaban ma'aikacinsu.

Sutura

Masu haya ba su san kayanmu ba, don haka ba za su gaya maka wannan ba. Babbar riga, jallabiya mai jan ƙasa, gyale, dogon hijabi, duk iska na fitar da su waje, taya da sandar da ke juya ta kuma suna kusa. Gefen mayafi in ya naɗe a nan, wuya yake ja. Uwargida ta sa ƙaramin hijabi mai kama kai, ta cusa ƙasansa cikin riga, da wando a ƙarƙashin doguwar rigar da aka tattare aka zauna a kai kafin a ɗaura bel. Maigida ya ajiye hula da kaftani a otel. Takalmi rufaffe, ba silifas ba. Gilashin kare ido dole ne, tabarau na ado ba ya hana yashi. Hular kwano a gwada ta: a ɗaure, a girgiza kai, in ta yi lilo a canja, igiyar haɓa kada ta bar wurin da ya wuce yatsu biyu. Bel kuma na ƙugu ake fara ja, ya kwanta a kan ƙashin kwatangwalo ba a kan ciki ba, sannan na kafaɗu. Ka duba na matarka da na ɗanka da hannunka, ko da ma'aikaci ya ce ya duba.

Tudu

Duk abin da ya gabata shiri ne, a nan ake jin ciwo. Tudun yashi fuska biyu gare shi. Ɓangaren da iska ke bugawa yana hawa a hankali kuma yana da ɗan tauri. Ɗaya ɓangaren gangara ce mai tsini, kusan digiri 30 zuwa 34, yashinta sako-sako. Kana hawa ta ɓangare mai sauƙi ba ka ganin abin da ke bayan ƙololuwa: ko gangara ce mai tsawon bene, ko rami, ko wata motar da ta kafe. Sabon direba yakan ji mota na ja da kyau, sai ya ƙara taka totur, ya isa ƙololuwa da gudu, tayoyin gaba su bar ƙasa, hanci ya nutse a yashi. Bugun a ƙashin baya yake sauka.

Yadda ake yi: ka ɗauki ƙarfi tun daga ƙasa, ka fuskanci tudun kai tsaye, kana dab da ƙololuwa ka sassauta totur yadda gaban mota zai leƙa a hankali, ka ga ƙasa, sannan ka gangara miƙe da ɗan wuta kaɗan. Kada ka tsaya cak a kan ƙololuwa, cikin motar zai hau yashi tayoyi su rataye. A gangara kada ka danne birki da ƙarfi, kuma kada ka karya sitiyari, don tayar gaba za ta nitse bayan mota ya nemi wuce gabanta. In kana hawa ƙarfi ya ƙare, kada ka juya a tsakiyar tudu. Sa ribas ka sauko miƙe ta kan sawunka. Kwanciya a gicciye a jikin tudu ba tare da gudu ba ita ce babbar hanyar kifewa. In ka ji motar na zamewa gefe, mayar da hancinta ƙasa, kada ka yi gardama da gangara.

Halin tuƙin Legas a bar shi a Oshodi. Nan ba a manne wa na gaba, ba a kutse, ba a wuce jagora. Ka bi sawun tayarsa, don shi ya san inda yashi ke da tauri. Kada ka hau tudu sai ka ga tutar motar gabanka ta wuce ta sake bayyana a can gaba. Amfanin doguwar tutar da ke bayan kowace bagi ke nan, motar da ba ta da ita kuma ka ƙi karɓa. Direba ba ya riƙe waya. 'Yan'uwa biyu a motoci biyu su ne suka fi son tsere, ka raba su, ka sa mai natsuwa a tsakani.

Sai maganar hannu, wadda za ka maimaita wa kowa har su gaji da kai. Idan mota ta fara kifewa, jiki da kansa yake miƙa hannu waje ya tare ƙasa, ko ya cafke ƙarfen kejin sama. Duka biyun a nan motar ke danne hannu. Direba ya riƙe sitiyari, fasinja ya riƙe mariƙinsa ko bel ɗin ƙirjinsa, ƙafafu a dafe a ciki. Keji da bel za su yi aikinsu in an bar su. Ku gwada tun mota na tsaye: ka ce "riƙe" da ƙarfi, ka ga inda hannun yaronka ya tafi. In ya tafi ga keji, a sake. In an kife, a kashe inji, a dafa hannu kafin a kwance bel don kada a faɗo da ka, kuma wanda ke kukan wuya ko baya kada a ja shi, sai in akwai warin fetur ko hayaƙi.

In kun kafe, ɗaga ƙafa daga totur nan take. Ci gaba da takawa rami yake ƙara tonawa, ya kuma ƙona bel ɗin giyar motar, wanda a kuɗinka za a sa. Ɗaga hannu ka jira jagora, kowa ya zauna a mota idan kuna bayan tudu inda mai zuwa ba ya ganin ku.

Sauran ƙanana ne. Kada a cika ciki kafin fita, shayi da burodi sun isa, mai saurin amai ya sha maganinsa tun a otel, amma ban da direba don yana sa barci. Ruwa aƙalla lita ɗaya kowane mutum, da 'yan ƙullin gishiri da sukari na kemis. Yaron da ya yi shiru, ya ce kansa na ciwo ko jiri na ɗibarsa, a tsaya a kai shi inuwa. Ƙananan da ba su hau ba akwai raƙumi da sulun katako a ƙaramin tudu, babba ɗaya ya tsaya da su nesa da inda motoci ke juyawa. Lambar motar asibiti 998 ce, ta 'yan sanda 999, ka sa su a wayar uwargida ma, ka kuma tura wa wani a otel inda kuke ta WhatsApp kafin ku shiga, don sabis na raguwa a tsakanin tuddai. Da kun dawo da motar, a sake zagaya ta tare da ma'aikaci, a ɗauki bidiyo na biyu, ka karɓi rasit da kuɗin ajiyarka kafin ku hau motar komawa gari.