Yadda za ka shirya wa tseren Ironman daga nan Maraɗi

To ɗan'uwa, ka san abin da ke gabanka tukuna: iyo kilomita 3.8, keke kilomita 180, sannan gudu kilomita 42.2, duk a jere ba hutu, kuma galibi awa 17 ake ba mutum.

Keke da gudu ba su da matsala a nan, ka fita bayan sallar asuba ka kama hanyar Tibiri ko ta Madarunfa kafin rana ta buɗe, don a watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, kuma da ka sauka daga keke kar ka zauna, ka ɗan yi gudu ko na minti 15 ne, ƙafafunka za su yi nauyi kamar an ɗaura musu buhun gero amma haka ake sabawa.

Iyo shi ne wahalar. Kar ka faɗa tabki, akwai tsargiya, gara ka nemi otel mai wurin iyo ka biya.

A kan keke ka riƙa ci tun kafin yunwa ta zo, dabino, ayaba, ruwa da ɗan gishiri. Ni dai shawarata ka fara da rabin tseren.